Laya, Kambu da Ruwan Rubutu: Makiyayi da Maganin Tsarin Cuta

Duk mai hidimar da aka tura ikkilisiyar karkara a kewayen Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, da wuya ya yi wata uku bai ci karo da laya ba. Yawanci a jikin jariri ake fara ganinta, ranar suna ko ranar da aka kawo shi majami'a don a miƙa shi ga Ubangiji: ɗan ƙunshin fata a wuya, ko baƙin zare mai ƙulli a ƙugu, ko wuri ɗaya da aka ɗaura a gashi. Uwar yaron mai bi ce, an yi mata baftisma, ba ta fashin zumuntar mata. In aka tambaye ta, sai ta ce kakarsa ce ta ɗaura masa saboda haƙori. A ranta ba ta ga inda ta saɓa wa Allah ba. Abin da ta gani shi ne 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku da aka binne tun ba a yaye su ba.

Wani fasto yakan kau da kai kamar bai gani ba, don kada ya ɓata da dangin da su ne rabin ikkilisiyar. Wani kuwa sai ya tsinke layar a gaban jama'a, ya yi wa'azi a kanta ranar Lahadi, matar ta koma gida da kunya, ta sake ɗaura wata a inda riga za ta rufe. Wannan na biyun ya fi yawa a wurin matasan da suka fito makaranta da zafinsu. Ko wanne aka yi, yaron yana nan cikin haɗarin da yake ciki, tsoron uwar kuma bai ragu ba. Saboda haka ya kamata mu san abin kansa tukuna, kafin mu yanke masa hukunci.

Me ke cikin fatar?

Bahaushe ya raba magani gida biyu. Akwai na warkarwa, wanda ake nema bayan ciwo ya kama mutum, akwai kuma na tsari, wanda ake yi tun ciwon bai zo ba. Laya da danginta suna cikin kashi na biyu.

Layar malam takarda ce. Malamin tsibbu yakan rubuta ayoyi da sunayen Allah, wani lokaci da sunayen mala'iku, ya zana hatimi, wato gida-gida masu kusurwa huɗu da aka cika da haruffa ko lambobi bisa wani lissafi. Sai ya naɗe takardar ƙanana, ya ɗaure da zare, a kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata. Layar boka kuwa ba lallai a sami rubutu a ciki ba. Ana iya samun saiwa, ko ɓawon itace, ko gashin wata dabba, ko farce, ko ƙasar wani wuri. Daga waje duk kamarsu ɗaya, tun da baduku ɗaya ne ya ɗinka. Wanda ake ɗaurawa a dantse shi ne kambu, wanda ake zagaya ƙugu da shi kuma guru. Akwai wadda ake ratayewa a saman ƙofar ɗaki, da wadda ake binnewa a bakin zaure.

Rubutu ya sha bamban, domin shi cikin jiki yake shiga. A rubuta a kan allo da tawadar da aka haɗa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, a wanke allon, a sha ruwan ko a shafa. Mai ciki tana sha don sauƙin haihuwa, yaro yana sha don firgita. Tofi kuwa karatu ne ake yi, a tofa a ruwa, ko a zare ana ƙullawa, ko a kan wurin da ke ciwo.

Kusan kowace laya tana zuwa da sharaɗi: kada a buɗe ta, kada a shiga makewayi da ita, kada mai janaba ya taɓa, kada ta jiƙe. Ku lura da wannan sosai. Sharaɗin shi ne yake kare layar daga zargi. In yaro ya rayu, laya ta yi aiki. In ya mutu, an karya sharaɗi, kuma yawanci uwar ce za a ce ta karya. Ga ta da makoki, ga ta da laifi a ka.

Ba kowane ciwo ake yi wa tsari ba. Mutanenmu sun san akwai ciwon sanyi, da na zafi, da basir, da shawara, da dattin ciki, waɗannan kuwa sassaƙe da jiƙo ake nema musu. Ciwon da ake ɗaura wa laya shi ne wanda yake zuwa farat ɗaya, ko yake da ban tsoro a ido: yaro ya sanƙare, ya kakkafe idanu, ƙafa ta shanye cikin dare ɗaya, mutum ya faɗi yana kumfa. Nan ne ake cewa iska ce, ko maye ya kama kurwa, ko baki ne ya kama shi don an yaba kyansa ba a ce tubarkalla ba, ko sammu aka yi. Harshenmu kansa ya riƙe wannan tunani. Cutar da likita yake kira foliyo, mu shan inna muke ce mata, Inna kuwa ɗaya ce daga cikin manyan iskokin bori. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa, wato mai wabi, takan sa wa na gaba suna kamar Ajuji, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko abin da ke ɗauke su ya wuce shi. Wannan suna ma laya ce, sai dai ba a ɗinke ta da fata ba.

Tushen abin ya daɗe a wannan ƙasa. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bungudu, wanda duk mai bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa yake gani, sananne ne tun dā a matsayin mazaunin iskoki da wurin tsafin gargajiya. 'Yandoto kuwa, kusa da Tsafe, garin malamai ne tun kafin jihadi. Ga dutsen tsafi ga garin alƙalami, tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, kuma laya ta sha daga rijiyoyin nan biyu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru kamar biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, cikin abubuwan da ya yi ta yaƙa har da yanka ga duwatsu da itatuwa. Ilimin hatimi kuma ba a nan aka ƙirƙiro shi ba, ya zo ne ta littattafan Larabci irin na Ahmad al-Buni, mutumin Arewacin Afirka da ya rayu a ƙarni na 13. Har yau malaman Musulunci ba su zama baki ɗaya a kan laya ba. Wasu sun halatta wadda ayoyi ne kaɗai a cikinta, wasu sun hana gaba ɗaya, musamman tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Kada fasto ya hau bagade ya ce laya addinin maƙwabtanmu ce. Ba gaskiya ba ne, kuma maƙwabcin da ya ji zai san ba ka san abin da kake faɗa ba. Da yawa daga cikin masu bi na wannan yanki zuriyar Maguzawa ne, layar da ke cikin ikkilisiyarmu gadon gidanmu ce.

Turawan ma sun ɗaura

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa wannan matsalar baƙar fata ce, wai Turawan da suka kawo bishara ba su san ta ba. Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin SIM a 1893, wanda ya rasu a Girku a shekarar da ta biyo, asalinsa mutumin Sikotlan ne. To, bari mu leƙa ƙasar tasu.

Sikotlan ta karɓi gyaran ikkilisiya a 1560 ta hannun su John Knox, ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi tsanani a koyarwar Furotesta. Duk da haka, ɗaruruwan shekaru bayan wannan, manomansu suna ɗaure reshen wata bishiya mai jajayen 'ya'ya da suke kira rowan da jan zare, su rataya a ƙofar garke ko a wutsiyar saniya don tsarin maita da baki. Suna da rijiyoyi da maɓuɓɓugai da ake kai marar lafiya, a tsoma tsumma a ruwan, a shafa inda ke ciwo, a ɗaure tsumman a reshen itace, da imanin cewa yadda yake ruɓewa haka ciwon zai tafi. Akwai irin wannan a wani ƙauye mai suna Munlochy da har yanzu ake ɗaura tsummoki. Wani ma'aikacin haraji, Alexander Carmichael, ya yi shekaru yana bin tsibiran yammacin ƙasar yana rubuta addu'o'i da tofe-tofen da tsofaffi suke yi, aka buga su a 1900 da sunan Carmina Gadelica. A ciki akwai na targaɗe, wanda ake karantawa a kan zare ana ƙullawa sannan a ɗaura a gaɓar. Wanda ya taɓa ganin maɗori yana aiki a Tsafe zai gane wannan nan take. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, da yawa daga cikin tofe-tofen nan da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ake yin su, da sunan Maryamu da na tsarkaka. Masu yin su ba su ɗauki kansu matsafa ba.

Labarin da ya fi amfani gare mu shi ne na wani ɗan jan dutse da aka dasa a tsakiyar tsabar azurfa, mallakar gidan sarautar Lockhart na Lee. Bisa ga labarin gidan, kakansu Simon Lockhart ne ya samo shi a ƙarni na 14 a matsayin fansar wani bursunan yaƙi Musulmi. Yadda ake amfani da shi kuwa, a tsoma shi cikin ruwa, a juya, a ba shanu marasa lafiya ko mutumin da mahaukacin kare ya ciza su sha. Ruwan rubutu ke nan ba allo. A ƙarni na 17 wani ya kai ƙarar mai gidan gaban majalisar ikkilisiya a Gilasgo, cewa yana tsafi. Majalisar ta bincika, ta ga ba a furta wasu kalmomi lokacin tsoma dutsen, ta kuma yi la'akari da cewa Allah ya sa wa duwatsu da tsire-tsire amfanin da hankalin mutum bai gama ganewa ba. Sai ta sallami ƙarar, ta dai gargaɗi mai dutsen kada ya zama sanadin tuntuɓe.

A ganina dattawan Gilasgo sun yi tambaya mai kyau, amma amsarsu ba ta cika ba. Sun yi daidai da suka nemi sanin ko ƙarfin abin daga halittarsa yake ko daga wani iko da ake kira. Inda suka gaza shi ne, sun ɗauka rashin furta kalmomi ya isa shaida, ba su tambaya ko dutsen yana warkarwa da gaske ba, ba su kuma tambayi inda zuciyar masu shan ruwan ta dogara ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Mai dutsen basarake ne. A ƙasar nan ɗaya, daga 1563 da aka kafa dokar maita zuwa 1736 da aka soke ta, an tuhumi kusan mutum 4,000 da maita, mafi yawansu mata, aka kashe da yawa. Tsofaffin mata masu tofi kuma ana tsayar da su gaban jama'a a majami'a su tuba. Ikkilisiya ta yi wa mai sarauta sassauci, ta yi wa gwauruwa tsanani. Duk dattijon da ya taɓa zama a majalisar horo ya tambayi kansa ko ba haka muke yi ba: matar manomi mai layar haƙori a dakatar da ita daga jibin Ubangiji, ɗan kasuwar da kowa ya san akwai guru a ƙarƙashin babbar rigarsa a ba shi kujerar gaba ranar godiya.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Kun san wuraren da aka yi hani a fili, ba sai na daɗe a kansu ba. Maimaitawar Shari'a 18 ta hana duba da sihiri da sambatu. A Farawa 35 Yakubu ya tattara gumakan iyalinsa da 'yan kunnensu ya binne a gindin itace kusa da Shekem. Ezekiyel 13 ya tsauta wa matan da suke ɗinka abin ɗaurawa a wuyan hannu suna farautar rayuka da shi. A Afisa, bisa ga Ayyukan Manzanni 19, waɗanda suka ba da gaskiya sun ƙone littattafan sihirinsu, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000.

Wuraren da suka fi wuya, suka kuma fi koya mana, su ne inda abu mai kyau ya rikiɗe ya zama laya. Macijin tagulla da Musa ya yi a jeji, Allah ne ya umarta, kuma waɗanda suka dube shi sun warke, kamar yadda Littafin Ƙidaya 21 ya nuna. Bayan ɗaruruwan shekaru Isra'ilawa suna ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, an kuwa lissafta wannan cikin ayyukansa na kirki a 2 Sarakuna 18. Tagullar ba ta canza ba, zukatan mutane ne suka sauka daga kan mai ba da warkarwa suka koma kan abin da ya yi amfani da shi. Haka a 1 Sama'ila 4, da Filistiyawa suka ci Isra'ila, dattawa suka aika a ɗauko akwatin alkawari don ya cece su. Ba su tuba ba, ba su nemi nufin Allah ba, sun ɗauko tsari ne kawai. Aka sake cin su, aka ƙwace akwatin. A surar nan ta Afisa kuma, 'ya'yan Siba bakwai sun ɗauki sunan Yesu kamar wata kalmar tofi mai ƙarfi da za a iya ara, suka fita da gudu tsirara da raunuka.

Daga nan za mu iya gane abin da ya mai da abu laya. Ba fata ba ce, ba kuma harshen da aka yi rubutun da shi ba. Laya ita ce duk abin da mutum ya riƙe da tunanin cewa muddin yana jikinsa, kuma ya kiyaye sharaɗinsa, ikon ɓoye ya zama dole ya yi masa aiki. Addu'a roƙo ce ga Uba wanda yake da ikon cewa i ko a'a ko jira. Laya ba ta roƙo, tilastawa take so ta yi.

Ikkilisiyar farko ta sha wannan fama. Majalisar Lawudikiya a ƙarni na 4 ta hana masu hidima yin layu, ta ce a fitar da masu ɗaura su daga ikkilisiya, wanda ya nuna cewa akwai limaman da suke rubuta su. Yohanna Kirisostom ya yi kuka da Kiristocin Antakiya da suke ɗaura tsabar kuɗi mai hoton Iskandari Mai Girma a kai da ƙafa don neman lafiya, ya kuma ambaci mata da yara masu rataya ƙananan littattafan bishara a wuya. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ɗan'uwanmu, ya fi sassauci. Ya ce in mai ciwon kai ya ɗora littafin bishara a kansa maimakon ya nemi laya, yana murna, ba don an rubuta bishara saboda haka ba, sai don mutumin ya fifita ta a kan layar. Agustin makiyayi ne, ya san mutum ba ya barin tsoro a rana ɗaya. Amma bai ce a tsaya nan ba.

Layun da muke yi da hannunmu

Wannan sashe ya fi shafarmu, mu masu hidima. A garuruwanmu yanzu ana sayar da man shafewa a kwalba, da ruwan da aka yi wa addu'a, da hankici, da takardar mannawa a ƙofa, kowanne da farashinsa. Akwai mai bin da yake buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura 91 ya sa a ƙarƙashin matashin jariri, shi kuwa bai karanta ta ba ko sau ɗaya. Akwai wanda ba ya hawa mota sai da gicciye a wuya, in ya manta shi a gida sai ya sauka. Masu sayar da waɗannan sukan kafa hujja da tsummokin da aka ɗauka daga jikin Bulus aka kai wa marasa lafiya. Amma Luka da kansa ya nuna cewa waɗannan mu'ujizai ne da ba a saba gani ba, Allah ne ya yi su, Bulus bai sayar ba, bai kuma umarci wata ikkilisiya ta ci gaba da yi ba. Man da Yakubu 5 ya ambata yana tafe da dattawa, da addu'ar bangaskiya, da furta zunubi. In aka cire waɗannan aka bar kwalbar, abin da ya rage bai fi kambu ba. Fastocin da suke tsinke laya da hannun dama suna miƙa kwalba da hagu ba su 'yantar da kowa ba, sun dai ƙwace wa boka kasuwa.

Sai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, na masu cewa duk maganin gargajiya na Shaiɗan ne. Ishaya ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Bulus ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha don cikinsa, ya kuma kira Luka likita. Sassaƙen da tsohuwa ta jiƙa, ko ɗorin da maɗori ya yi da karare, ba zunubi ba ne don kawai ba a kantin magani aka saya ba. Tambayar da za a yi musu ita ce ko suna aiki, da ko suna da lahani. Wani yana da amfani, wani ba ya komai, wani kuma guba ne. Kwallin da ake rambaɗa wa jarirai, alal misali, yawancinsa dutse ne mai dalma a ciki. In kuwa an ce saiwar ba ta ci sai an haƙo ta tsirara da tsakar dare, ko sai an yanka baƙar kaza, to an bar magani an shiga wani abu dabam.

Inda rai yake salwanta

Babbar illar laya ga jiki ita ce jinkiri. A 2010 yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da ƙungiyar likitocin nan ta MSF da sauran masu bincike suka duba, sai aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Alamun gubar, wato jijjiga da suma da kakkafewar ido, su ne daidai waɗanda mutanenmu suka saba danganta wa iska. Ba layar da za ta fitar da dalma daga jini. Abin da ya ceci sauran yaran shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da ba su maganin da ke jawo dalmar ya fitar.

Haka sanƙarau. Annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 daga Zamfara ta fara, ta kashe sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasa, jiharmu ce kuma ta fi shan wuya. Gwamnan lokacin ya danganta ta da zunuban jama'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mu da muke da Yahaya 9 a hannu, inda Yesu ya ƙi ɗora makantar mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa, bai kamata mu yi saurin irin wannan hukunci ba. Sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa a lokacin ƙura da zafi, ta numfashi, musamman a ɗakin da mutane suka cunkushe. Tana iya kashewa cikin yini ɗaya. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga a jariri, ba abin kwana ana tofi ba ne. Akwai allurar da ke warkar da ita in an kai da wuri, akwai kuma rigakafi. Foliyo ma rigakafi ne ya kore ta, har aka tabbatar a 2020 cewa nau'inta na asali ya ƙare a Afirka, bayan jinkirin da ƙin rigakafin 2003 ya jawo a jihohi irin namu.

Kada kuma mu manta da halin da mutanenmu suke ciki. Uwar da ke ƙauyen bayan Tsafe, wadda hanyarta zuwa asibiti ta bi ta dajin da 'yan bindiga suke, wadda ɗakin shan maganin garinsu ya daɗe a kulle, ba wauta ce ta sa ta riƙe laya ba. Ita ce kaɗai abin da hannunta ya kai. Wanda zai ce ta cire, wajibi ne ya zo da abin da zai sa mata a hannu.

Yadda za a bi da shi a ikkilisiya

Maganar laya ta ɗaki ce, ba ta bagade ba. Ana iya koyar da batun a fili, a nazarin Littafi Mai Tsarki ko a ajin masu shirin baftisma, ba tare da nuna kowa da yatsa ba. Amma in mutum ɗaya ne, a je gidansa. In mace ce, matar fasto ko wata dattijiya daga zumuntar mata ta fi dacewa ta fara. Tambayar farko kada ta zama me ya sa kika ɗaura, sai dai me kike tsoro. Amsar za ta nuna inda aikin yake. Wadda take tsoron haƙori tana bukatar ta san cewa gudawar da ke zuwa a wannan lokaci daga ƙazantar abin da yaro yake kaiwa baki take, a koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, a nuna mata lokacin da za ta ruga asibiti. Wadda take tsoron wata maƙwabciya da ake ce wa mayya tana bukatar koyarwa a kan ikon Almasihu bisa dukan ikoki, kamar yadda wasiƙar Kolosiyawa ta shimfiɗa, ita kuma maƙwabciyar tana bukatar ikkilisiya ta tsaya mata, gama zargin maita ya sha jawo duka da kora har da kisa. Kada mu ce wa mutane iskoki ƙarya ne kawai, Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba, su ma ba za su yarda ba. Abin da za mu ce shi ne an ci nasara a kansu, kuma ba kowace jijjiga ce aikinsu ba.

A tuna kuma sau da yawa uwar ba ita ke da iko ba. Kakar yaron ce ta ɗaura, ko mijin da ba mai bi ba ne. Matar da ta tsinke layar surukarta tana iya rasa aurenta, in kuwa yaron ya yi ko da mura ne, ita za a ɗora wa. A irin wannan, fasto da wani dattijo su je su gai da tsohuwar da ladabi, su kira ta Inna ko Baba yadda ake yi a garin, su yi godiya don ƙaunar jikanta, sannan a shiga magana. Wani lokaci sai an koma sau uku.

In mutum ya kawo layarsa da kansa, shi ne zai cire da hannunsa, ba fasto ba, domin a Afisa ma masu littattafan ne suka kawo suka ƙone. A yi addu'a tare da shaidu biyu ko uku. Ni nakan so a buɗe ta a gabansa in ya yarda, ya ga abin da ya yi shekaru yana tsoro. In rubutun Larabci ne da ayoyi a ciki, kada a wulaƙanta shi, kada a jefa a juji, kada a yi shelar ƙona shi. A wannan jiha tamu irin wannan ganganci yana iya jawo wa ikkilisiya duka bala'i, ban da cewa rashin ladabi ne ga abin da maƙwabci yake girmamawa. A mayar wa wanda ya bayar in zai yiwu, ko a kawar da shi a asirce cikin mutunci.

Makonnin da suka biyo baya su ne masu wuya, domin duk tarin da yaron ya yi za a ce ga shi nan. Dattawa su riƙa leƙawa. A duba katin rigakafin yaron, a tabbata yana kwana cikin gidan sauro, in damina ta zo a tabbata ya karɓi maganin kariyar zazzaɓi da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata. Majalisar ikkilisiya kuma ta ware wani abu daga baiko don kuɗin mota da na kati, ta san wane mai babur ne a cikin 'yan'uwa za a iya tasa da dare, a rubuta sunansa a ba kowace uwa mai goyo.